Komawa Mai Horar da Motsa Jiki Bayan Shekara 40: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Kai?

Wanda ya kai shekara 45 ko 55 yana aikin ofis, ko koyarwa, ko jinya, kuma zuciyarsa ta karkata ga koya wa mutane motsa jiki, da zarar ya fara bincike sai kansa ya ɗaure. Wata makaranta ta ce a wuni ɗaya za ta ba shi lasisi, wata ta ce sai ya yi awa 450, wata kuma ta ce in ba digiri ba to wasa yake yi. Ga shi lokaci ba kamar da ba ne: ɗan shekara 22 zai iya ɓata shekara biyu a hanyar da ba tasa ba ya dawo, amma mai iyali da ya ajiye albashi ba shi da wannan sararin.

Abu na farko mai kwantar da hankali shi ne manyan ƙungiyoyin da ke ba da takardar wannan sana'a sun sa ƙaramin shekaru ne, yawanci 18, ba su sa iyaka daga sama ba. Saura kuma zaɓi. Hanyoyi biyar ne mutane suka fi bi, kuma kafin a shiga cikinsu ga ma'aunan da zan auna kowace da su.

Ma'aunai

Kuɗi da lokaci. Kuɗin kwas ɗin da aka rubuta a talla wani yanki ne kawai. Akwai na jarrabawa, da na koyon taimakon gaggawa, da inshorar da za ta kare ka idan wani ya ji rauni a hannunka, da na sabunta takarda lokaci-lokaci. Wanda ya fi su duka nauyi kuwa shi ne na watannin farko, lokacin da takarda tana hannu amma ɗalibai ba su taru ba.

Nauyin aikin a jikinka. Wannan ne ma'aunin da matasa ba sa damuwa da shi, kai kuwa dole ka sa shi a gaba. Daga wajen shekara 30 tsokar jiki na raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma idan ba a kula da ita ba, kuma jijiyoyi da gaɓoɓi sukan ɗauki lokaci mai tsawo kafin su warware daga gajiya. Tambayar ita ce: wannan aikin, zan iya yin sa kwana biyar a mako nan da shekara goma sha biyar?

Ƙarfin takardar. A ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana kowa kiran kansa mai horarwa. Gidajen motsa jiki da kamfanonin inshora su ne ke tantancewa, saboda haka takardar da ba su san ta ba, ado ce kawai a bango.

Matsayin shekarunka a kasuwa: a wannan hanyar furfura tana jawo maka mutane ne, ko tana kore su?

Sai haɗari, wato raunin da kai za ka iya ji, da wanda ɗalibi zai iya ji, da rashin tabbas na kuɗin shiga.

Hanya ta 1: Mai horar da mutum ɗaya-ɗaya

Nan ne tushen sana'ar. Ana koyon sassan jiki da yadda suke aiki, da yadda ake gwada ƙarfin mutum, da yadda ake tsara masa shiri na makonni. A Amurka sanannun takardun su ne na ƙungiyoyin ACE, da NASM, da ACSM, da NSCA, kuma jarrabawowinsu na horar da mutum ɗaya suna da amincewar hukumar tantancewa ta NCCA, wadda gidajen motsa jiki da dama ke dubawa kafin su ɗauki mutum. Jarrabawar NASM tambaya 120 ce cikin awa biyu, ta ACE kuma 150 cikin awa uku. Kafin ka zauna sai ka nuna shaidar ka koyi danna ƙirji don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, da amfani da na'urar da ke girgiza zuciya ta dawo da bugu. A Ingila tsarin matakai ne: mataki na 2 na mai kula da ɗakin motsa jiki, mataki na 3 na mai horar da mutum ɗaya, kuma ƙungiyar CIMSPA ce ke riƙe da ƙa'idojin sana'ar. Mai aiki da rana yana karatu da dare zai iya gamawa cikin wata uku zuwa shida.

Kuɗinta matsakaici ne. Takardar ACE da ta NASM ana sabunta su duk shekara biyu bayan ƙarin karatu na kimanin awa 20, ta ACSM kuma duk shekara uku, don haka ka sa wannan a lissafi tun daga farko.

A jiki kuwa ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Kana nuna motsi sau biyu ko uku, sauran lokacin idonka ne ke aiki: gwiwar ɗalibin ta karkata ciki lokacin da ya tsuguna? Bayansa ya lanƙwashe da ya ɗaga ƙarfe? Ya riƙe numfashi? Gajiyar tana zuwa daga tsayuwa da ɗauko ƙarafa da mayar da su, da kuma lokutan aikin. Ma'aikata suna son su zo kafin su tafi ofis ko bayan sun tashi, sai ka ga ranarka ta rabu biyu, asuba da maraice, tsakiya kuma fayau. Mutane da yawa wannan ne ke fitar da su daga sana'ar, ba karatun ba.

Haɗarin da ya fi girma a nan na aljihu ne. Wasu gidajen suna biyan albashi kaɗan tare da kaso daga kowane ɗalibi, wasu kuma kai za ka biya su haya ka nemo mutanenka da kanka, ko ka samu ko ba ka samu ba hayar tana nan. Duk wanda ya shiga wannan hanya ya sani cewa zai yi talla da bakinsa. A nan ne tsohon malami ko tsohon ma'aikacin jinya ke da riba: ya saba da sauraron mutane, ya san yadda ake yi wa mai jin kunyar jikinsa magana. Mace mai shekara 52 da ta shigo ɗakin motsa jiki karo na farko a rayuwarta, sau da yawa ta fi sakin jiki da sa'arta fiye da saurayi mai ƙirar ƙarfe wanda bai taɓa sanin ciwon ƙugu ba.

Hanya ta 2: Jagoran aji mai kiɗa

Wannan ce ta fi jan hankali, domin yawancin masu son canza sana'a a aji irin wannan suka kamu da son abin. Ita ce kuma mafi saurin shiga. Zumba, wadda Beto Pérez ɗan ƙasar Kolombiya ya ƙirƙiro, tana ba da lasisin farko bayan horon wuni ɗaya, sannan mai so ya riƙa biyan kuɗin wata-wata don samun sababbin waƙoƙi da salon rawa. Les Mills, kamfanin Niyuzilan mai shirin BodyPump na ɗaga ƙarfe da kiɗa, yana ba da horo na 'yan kwanaki, sai ka ɗauki bidiyon kanka kana koyarwa a tantance, kuma duk wata uku akwai sabon tsari da za ka haddace. Lasisi irin wannan na shirin kamfanin ne kawai. Gidajen motsa jiki da yawa za su nemi ka haɗa da cikakkiyar takardar jagorancin aji daga irin su ACE.

Matsalar tana ga jiki. A aji kai ne abin kwaikwayo: kana tsalle, kana ƙirga lokaci, kana ɗaga murya a kan kiɗa, kana faɗin motsi na gaba tun ba a gama na yanzu ba, duk a numfashi ɗaya. Lissafin da aka saba yi na ƙololuwar bugun zuciya, wato a cire shekarun mutum daga 220, ƙiyasi ne kawai, amma yana nuna abin: ɗan shekara 25 yana da wajen 195 a minti, ɗan 55 kuma wajen 165. Aji ɗaya a rana daɗi ne. Aji uku ko huɗu kullum, wanda shi ne zai iya ciyar da gida tunda kowane aji ake biya, shi ke kawo ciwon gwiwa da na agara da dushewar murya. Ranar da ka kwanta kuma babu ko sisi.

Ban ce kada a yi ba. Akwai ajujuwan da ba su da tsalle, kamar na keken da ke tsaye wuri ɗaya, da na cikin ruwa inda ruwan da ya kai ƙirji ke ɗauke wa gaɓoɓi fiye da rabin nauyin jiki. Sai dai ka sani mai koyar da ajin ruwa yawanci a bakin tafkin yake tsayawa, a kan daɓe mai tauri da santsi, don ɗalibai su ga ƙafafunsa. Ra'ayina a fili shi ne, bayan shekara 50 wannan hanya ta fi kyau a matsayin ƙari a kan wata, kada ta zama ita kaɗai ce madogara.

Hanya ta 3: Ƙwarewa a kan dattawa da masu lalura

A nan zan daɗe, don a ganina ita ce hanyar da mai canza sana'a a makare ya fi kowa cancanta da ita, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa shekarar 2030 mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko fiye. Ta kuma ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanyar. Ƙa'idojinta na 2020 sun nemi babban mutum ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu, sannan wanda ya kai 65 ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye. Mutanen da ke buƙatar wanda zai nuna musu yadda ake yin wannan suna ƙaruwa kullum, masu iya nuna musu cikin haƙuri kuwa ba su da yawa.

Ba a fara wannan hanya kai tsaye. Sai ka mallaki takardar hanya ta 1 ko cikakkiyar takardar jagorancin aji, sannan ka ɗora kwas na musamman a kai. ACE da NASM duk suna da na dattawa. A Ingila akwai takardar mataki na 3 ta karɓar mutanen da likita ya turo su motsa jiki saboda hawan jini, ko ciwon sukari, ko amosanin gaɓoɓi. Akwai kuma shirin Otago, wanda aka tsara a Jami'ar Otago ta Niyuzilan don ƙarfafa ƙafafu da daidaita tsayuwar tsofaffi, kuma gwaje-gwajensa sun nuna raguwar faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Jimillar kuɗin ta fi ta hanya ta 1, tunda hawa biyu ne, amma ba ta kusa da na digiri ba.

Ga yadda aikin yake a zahiri. Dattijuwa mai shekara 74 ta zauna a kujera marar hannu da aka jingina da bango. Ka ce ta rungume ƙirjinta ta miƙe ta zauna, kana ƙirga sau nawa za ta yi cikin daƙiƙa 30. Ranar farko wataƙila sai ta dafa cinya kafin ta tashi. Ba ka ce mata komai a kan hakan ba, ka rubuta, ka ɗora matashi a kujerar don ta ƙara tsayi, ka nuna mata ta ja ƙafafunta baya ta karkato gaba kafin ta yunƙura. Bayan makonni ka cire matashin. Ranar da ta zo tana ba ka labarin ta tashi daga gado ba tare da ta kira kowa ba, za ka gane abin da kake sayarwa. Kayan aikinka kujera ne, da robar ja, da ɗan nauyin da ake ɗaura wa idon sawu, da ido mai lura.

Jikinka ba ya shan wahala a nan, kuma za ka iya ci gaba da yi har kai ma ka tsufa. Lokacin aikin ma ya fi daɗi: waɗanda suka yi ritaya da hantsi suke zuwa, daidai lokacin da ɗakunan motsa jiki ba kowa. Idan sun yarda da kai kuma ba sa saurin canza malami, su ne za su kawo maka ƙawaye da maƙwabta.

Haɗarin dai na gaske ne, kuma kada a raina shi. Kana aiki da mutanen da ke shan magunguna, masu raunin ƙashi, masu jiri idan sun miƙe da sauri. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya suna rage bugun zuciya, don haka agogon hannu mai auna bugun zuciya zai iya yaudarar ka. Sai ka koma ga tambayar mutum yadda yake jin wahalar, ko ka lura ko yana iya magana yana motsi. Dole kowa ya cika takardar tambayoyin lafiya irin PAR-Q+ kafin ya fara, wanda amsarsa ta nuna matsala kuma ya ga likita tukuna. Sannan ka san iyakarka: ba kai ke gano cuta ba, ba ka taɓa maganin kowa, ba ka maye gurbin likitan gashin ƙashi. Inshora a nan tilas ce.

Hanya ta 4: Pilates ko yoga

Joseph Pilates, haifaffen Jamus, shi ya tsara salon motsa jiki na ƙarfafa ciki da baya da ke ɗauke da sunansa, ya kuma koyar da shi a birnin New York. Kwas ɗin koyarwa a kan shimfiɗa gajere ne kuma da dama-dama a kuɗi. Cikakken kwas da ya haɗa da na'urori masu igiya da sifirin kuwa yakan kai awa 450 ko fiye, tsakanin darasi da kallon ƙwararru da gwajin koyarwa, ya ci shekara guda ko biyu, kuma yana cikin mafi tsada a sana'ar. Na'urorin su ma da tsada idan za ka buɗe wurinka. A yoga, wato atisayen miƙa jiki da daidaita numfashi, matakin shiga da aka fi sani shi ne kwas na awa 200. Ƙungiyar Yoga Alliance rajista take yi wa makarantu da malamai, ba ita ke yin jarrabawa ba, shi ya sa ingancin makarantun ya sha bamban ƙwarai. Yoga ta fito ne daga al'adun ibada na Indiya, kuma wanda wannan bai kwanta masa ba zai sami Pilates babu wannan ɓangaren.

Duka biyun suna da sauƙi ga gaɓoɓi, ana koyar da su da baki da gyaran hannu fiye da nuni, kuma ɗalibansu suna girmama malami mai shekaru. Amma kada wanda bai yi shekaru yana yin su da kansa ba ya ce zai koyar.

Hanya ta 5: Digiri a kimiyyar motsa jiki

Shekara uku zuwa huɗu, da kuɗi mafi yawa. Shi ke buɗe ƙofar asibitoci da ƙungiyoyin 'yan wasa: takardar CSCS ta NSCA, wato ta horar da 'yan wasa, alal misali, sai mai digiri. Idan burinka kawai ka horar da jama'a, ba ka buƙatar sa, kuma mai shekara 55 ya lissafa shekarun aikin da suka rage masa kafin ya biya kuɗin makaranta.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Tsawon karatu | Kuɗi | Nauyi a jiki | Tasirin shekaru | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Mutum ɗaya-ɗaya | Wata 3 zuwa 6 | Matsakaici | Matsakaici | Yana taimakawa | Rashin ɗalibai da farko |
| Aji mai kiɗa | Wuni 1 zuwa 'yan watanni | Kaɗan, da biyan wata-wata | Mai yawa | Ya danganta da ajin | Rauni da dushewar murya |
| Dattawa da masu lalura | Wata 6 zuwa shekara 1 | Sama da matsakaici | Kaɗan | Yana taimakawa sosai | Lafiyar ɗalibi |
| Pilates ko yoga | Awa 200 zuwa 450 ko fiye | Matsakaici zuwa mai yawa | Kaɗan zuwa matsakaici | Yana taimakawa | Makaranta marar inganci |
| Digiri | Shekara 3 zuwa 4 | Mafi yawa | Kaɗan | Babu bambanci sosai | Kuɗin ba su dawo ba |

Wani zai tambaya, ina horarwa ta intanet? Ban ƙirga ta a matsayin hanyar farawa ba. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da jikuna iri-iri ya ga yadda suke kuskure ba, ba zai gane kuskuren a ƙaramin allon waya ba. Bayan shekara ɗaya ko biyu ta aiki ido da ido, sai ta zama ƙari mai amfani, musamman don riƙe ɗaliban da suka yi tafiya. Haka kuma kwas ɗin da duk karatunsa ta kwamfuta ne, ka haɗa shi da bin wani gogaggen mai horarwa kana kallon aikinsa.

Wa ya kamata ya bi wace?

Idan kana son sana'ar ta zama ita ce abincinka, fara da hanya ta 1, ka ɗora ta 3 a kai da zarar ka samu hali. Wannan haɗin shi nake ba mafi yawan waɗanda suka haura 45 shawara a kansa. Kada ka ajiye aikinka ranar da sakamako ya fito. Ka fara da maraice da ƙarshen mako, ka tara abin da zai riƙe gida na aƙalla wata shida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kana da fansho ko wani abin dogaro, abin da kake nema kuma shi ne mutane da nishaɗi, ɗauki hanya ta 2, aji biyu ko uku a mako, ka zaɓi marasa tsalle, ka sayi makirufo tun farko don muryarka.

Idan daga jinya ko kula da tsofaffi ko wani aikin lafiya ka fito, hanya ta 3 taka ce. Rabin abin da wasu za su sha wahalar koyo, kamar karanta fuskar mai jiri ko sanin sunayen magunguna, ka riga ka iya.

Idan gwiwa ko baya suna damun ka, ka ga likita kafin ka biya kuɗin kowane kwas, sannan ka duba Pilates na kan shimfiɗa ko hanya ta 3.

Idan asibiti ko 'yan wasa kake hange, kuma kana da shekara goma sha biyar ko ashirin na aiki a gaba, digiri ya cancanci kuɗinsa.

Kowace ka zaɓa, kafin ka biya, je ka wurare biyu ko uku da kake fatan yin aiki a cikinsu ka tambayi mai ɗaukar ma'aikata wace takarda suke karɓa. Ka kira kamfanin inshora ka yi masa tambaya iri ɗaya. Idan sunan makarantar da kake shirin shiga bai fito daga bakin ko ɗaya daga cikinsu ba, nemi wata.